Suna Linzami: Yadda Muke Kiran Masu Lalurar Ƙwaƙwalwa

Wanda duk ya zauna a ƙauyukan El Allassane Maïreyrey, ƙaramar hukumar nan ta gundumar Mayahi a jihar Maraɗi wadda ta yi maƙwabtaka da ƙasar Tasawa, ya san cewa a wurin da asibiti yake da nisa, hanya kuma rairayi ce wadda sai amalanke ko babur ke iya ta, magana takan riga magani isa wurin majinyaci. Tun kafin malamin asibiti ya ɗora ido a kan yaron da ya yanke jiki ya faɗi yana karkarwa, ko yarinyar da ta shekara huɗu ba ta taɓa cewa "Baba" ba, ko dattijon da ya soma ɓata hanyar masallacin da ya tsufa yana salla a cikinsa, mutanen gida sun riga sun raɗa wa abin suna. Wannan suna kuwa, ko cikin firgita aka furta shi ko cikin tausayi, shi ne zai yanke inda za a dosa da mai lalurar: gidan mai magani, ko zauren malam, ko asibiti, ko kuwa ƙuryar ɗaki inda idon baƙo ba zai kai gare shi ba. Magabata da suka ce suna linzami ne sun yi magana ta hikima.

Kowane suna da aka raɗa wa lalura yana ɗauke da hukunci uku, ko mai furta shi ya sani ko bai sani ba: yana faɗin sababin abin, yana nuna inda maganinsa yake, yana kuma ajiye mai shi a wani matsayi cikin jama'a, ko a tsakiyar tabarma ko a bayan danga. Saboda haka bahasi a kan waɗannan kalmomi al'amari ne da ya taɓa aure da gado da karatu, har da rai kansa, kuma ya wajaba a kan duk mai magana da harshen Hausa ya san nauyin abin da yake fitarwa daga bakinsa.

Sunan da ke faɗin sababi

Mu fara da shan inna, domin babu wanda bai san ta ba. Inna, wadda wasu ke kira Doguwa, babba ce cikin iskokin bori, kuma kakanninmu da suka ga ƙafar yaro mai lafiya ta shanye bayan 'yan kwanakin zazzaɓi sai suka ce ita ce ta sha ƙafar. Ƙasar Maraɗi ba baƙuwar wannan aƙida ba ce. Masu bincike biyu daga Faransa, Guy Nicolas da Jacqueline Monfouga-Nicolas, sun daɗe suna nazarin rayuwar Hausawan kwarin Maraɗi, ita kuma ta fitar da littafi sukutum a kan bori a 1972. Amma yau, in masu rigakafi suka shigo gari suna bi gida gida suna ɗiga wa yara magani a baki, uwa takan ce an zo rigakafin shan inna, ba tare da Doguwa ta faɗo mata a rai ba, domin ta ji cewa ƙwayar cuta ce da ke bin ƙazanta da gurɓataccen ruwa ta kama jijiyoyin laka. A ranar 25 ga Agusta, 2020, aka shelanta cewa nahiyar Afirka ta rabu da asalin ƙwayar wannan cuta mai yaɗuwa da kanta, sunan kuwa yana nan a bakinmu bai cuci kowa ba.

Darasin da ke cikin wannan shi ne, tsohuwar kalma tana iya zubar da tsohuwar aƙidarta idan ilimi da magani suka iso tare, don haka ba kowace kalmar gado ce za a yi watsi da ita ba. Sai dai akwai waɗanda har yanzu suke ɗauke da kayansu. Idan aka ce iska ta buge mutum, ko aka ce tsuntsu ya kama jariri saboda yana taune-taune da sanƙarewa, ko aka ce wannan yaro ɗan ruwa ne, to an riga an rufe ƙofar asibiti da baki tun ba a ɗaura wa jaki amalanke ba.

Farfaɗiya

Babu lalurar da suna ya zalunta kamar farfaɗiya. Mu ɗauki abin da yake faruwa a tsakar gida da yamma, lokacin da tukunyar tuwo take kan murhu. Budurwa tana tsugune tana iza wuta, sai ta yi wata 'yar ƙara ta faɗi, jikinta ya sanƙare, sannan ya soma fizga, kumfa na fita daga bakinta. Ƙannenta su watse, wata maƙwabciya ta ja ɗanta baya tana cewa kada yawun ya taɓa shi, wani ya ruga neman cokali don a cusa mata tsakanin haƙora, wata kuma ta ɗebo ruwa za ta ɗura mata. Cikin wannan ruɗani hannunta yana cikin garwashi, ba wanda ya yi ƙarfin halin janye ta. Bayan minti biyu ko uku ta lafa, ta farka a gajiye ba ta san abin da ya faru ba, sai ƙuna da za ta bar mata tabo har abada, da kuma suna da zai bi ta har ya kori masu neman aurenta da na 'yan uwanta.

Haƙiƙanin abin kuwa shi ne, ƙwayoyin ƙwaƙwalwa suna aika wa juna saƙo da wani ɗan ƙanƙanin ƙarfin lantarki, a bisa tsari da awo. Idan wani rukuni daga cikinsu ya saki wannan ƙarfi gaba ɗaya ba bisa tsari ba, sai jiki ya fizga, hankali ya gushe na ɗan lokaci. Wani likita Bajamushe, Hans Berger, shi ne ya fara auna wannan lantarki a kan ɗan Adam a 1924. Ba a ɗaukar farfaɗiya ta yawu, ko ta numfashi, ko ta cin abinci a ƙwarya ɗaya. Kuma ba kowace jijjiga ce farfaɗiya ba, domin yaro ƙarami yana iya jijjiga saboda zafin zazzaɓi kawai. Ana kiranta farfaɗiya ne idan faɗuwar tana maimaituwa ba tare da wani sababi na nan take ba.

Sabubbanta a ƙasa irin tamu sanannu ne. Akwai zazzaɓin cizon sauro da yake hawa kan yara da damina, akwai doguwar naƙuda da ke hana jariri iska a lokacin haihuwa, akwai raunin kai daga haɗarin babur, akwai kuma sanƙarau da ke zuwa da zafin bazara. Annobar sanƙarau ta 1996 ta kama fiye da mutum 250,000 a Afirka, ta kashe kimanin 25,000, kuma Nijar tana cikin ƙasashe uku na farko da aka ƙaddamar da sabuwar allurar rigakafinsa a 2010. Cikin waɗanda suka tsira daga irin wannan sanƙarau, kusan ɗaya cikin biyar yakan fita da wata lalura mai ɗorewa, kamar kurumta ko farfaɗiya ko raunin fahimta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa masu farfaɗiya a duniya sun kai miliyan 50, cewa kusan kashi 80 cikin ɗari suna ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita, kuma har kashi 70 cikin ɗari za su iya rayuwa ba faɗuwa idan aka gane ciwon aka ba su magani yadda ya kamata. Ɗaya daga cikin magungunan, fenobabital, tun 1912 ake amfani da shi, kuma yana cikin mafi arha. Abin da ake bukata ga wanda ya faɗi shi ne a janye shi daga wuta ko bakin rijiya, a sa masa abu mai laushi ƙarƙashin kai, a kwantar da shi ta gefe, kada a sa masa kome a baki. In fizgar ta wuce minti biyar, a garzaya da shi asibiti.

Masu cewa addini ne ya koya musu gudun mai farfaɗiya su koma ga Buhari da Muslim, inda aka ruwaito cewa Abdullahi ɗan Abbas ya nuna wa Aɗa'u ɗan Abi Rabah wata mace baƙar fata, ya shaida masa cewa 'yar Aljanna ce. Ita ce ta je wurin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ta kai kukan cewa tana faɗuwa har tsiraicinta ya bayyana. Ya ba ta zaɓi tsakanin haƙuri da Aljanna ko addu'ar waraka, ta zaɓi haƙuri, ta roƙi ya yi mata addu'a kada ta riƙa yayewa, ya kuwa yi mata. A lura: da bakinta ta yi magana, aka saurare ta, aka bar mata zaɓi kamar kowane mai cikakken hankali, ba a kore ta daga majalisa ba. Wannan ba ya hana neman magani, domin umarni da yin magani ya tabbata a wasu hadisai. Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, ya yi bayanin wannan ciwo a matsayin ciwon ƙwaƙwalwa cikin littafinsa na Ƙanun, kamar yadda Buƙraɗ na Yunan ya yi tun kimanin shekara 400 kafin haihuwar Annabi Isa. Shi kansa Ibnul Ƙayyim, wanda ya tabbatar da faɗuwa ta sababin aljanu, ya tabbatar da kashi na biyu wanda sababinsa daga jiki ne, wanda kuma aikin likitoci ne. Wanda ya jingina kowace faɗuwa ga iska, to ya bar rabin maganar malamai.

Yadda fuƙaha'u suka rarrabe

Babbar illar harshenmu na yau ita ce tara abubuwa mabambanta cikin kalma ɗaya. Mai farfaɗiya, da mai jinkirin fahimta, da yaron da ba ya magana, da tsohuwar da gigin tsufa ya kama, da wanda ciwon hauka na gaskiya ya same shi, duk mukan haɗa su mu ce mahaukata ne, ko taɓaɓɓu, ko mu ce ba su cika ba. Malaman fiƙihu ba su yi haka ba, domin sun san cewa kowane suna yana jan hukunci. Sun bambanta majnuni wanda haukansa ya game lokacinsa duka da wanda yake samun sauƙi ya dawo hayyacinsa; sun bambanta ma'atuhi, mai ƙarancin fahimta, da safihi, wanda bai iya riƙon dukiya ba; sun kuma keɓe hukuncin wanda ya suma. Duk almajirin da ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani a zaure ya san cewa wanda ya suma ba ya rama sallar da lokacinta ya fita yana cikin sumansa, amma da ya farfaɗo hukuncin sauran musulmi ya hau kansa. Hadisin ɗauke alƙalami daga mutum uku, wato mai barci da yaro da wanda hankalinsa ya gushe, rahama ce da sauƙaƙawa, ba a saukar da shi don a tuɓe wa kowa rigar mutunci ba. A Suratun Nisa'i kuwa, inda aka hana danƙa wa safihai dukiya, a nan take aka yi umarni a ciyar da su, a tufatar da su daga cikinta, a kuma yi musu magana mai kyau. Ashe kyakkyawar magana haƙƙi ce da aka jera ta tare da ci da sutura.

Wannan rarrabewa ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa, inda Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, ya wallafa littattafai a kan ilimin magani. Mu ne muka gaji littattafan muka bar tsantsenin da ke cikinsu.

Yaron da bai yi kama da sa'o'insa ba

Inda harshe ya fi rauni shi ne wajen yara. Jariri ya sha wahalar haihuwa, ko shawara ta kama shi a makon farko ba a kula ba, sai ya tashi wuyansa ba ya tsayawa, bai zauna ba, bai yi rarrafe ba, yawu na dalala. Likitoci suna kiran wannan shanyewar gaɓoɓi ta sababin raunin ƙwaƙwalwa, kuma da yawa daga cikin irin waɗannan yara fahimtarsu lafiya lau take, jiki ne kawai ya ƙi bin umarni. Amma idan wata tsohuwa ta ce wa uwar, "Ɗiyata, wannan ba ɗanki ba ne, musanya miki aka yi," to an fitar da yaron daga cikin 'yan Adam da jimla guda, kuma duk sakacin da ya biyo baya ya sami hujja. Ba na jin akwai kalma a Hausa da ta fi "ɗan ruwa" nauyin alhaki.

Akwai kuma wani yaro dabam, wanda jikinsa lafiya, amma ba ya haɗa ido da mutane, ba ya waiwayowa in an kira sunansa ko da yake kunnensa na ji, yana jera duwatsu ko marafan kwalba layi layi na tsawon sa'o'i, yana toshe kunne in injin niƙa ya tashi, yana kuma tayar da hankali in aka sauya masa abin da ya saba. Wannan shi ne abin da likitoci ke kira otizim. Leo Kanner ya siffanta shi a Amurka a 1943 bayan ya lura da yara 11, Hans Asperger kuma ya siffanta wani nau'insa a birnin Biyana a 1944, sannan a 2013 likitocin Amurka suka haɗa nau'o'in ƙarƙashin suna ɗaya mai faɗi, domin wani mai otizim ba ya magana ko kaɗan, wani kuwa yana iya zama injiniya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa ƙiyasta cewa kusan yaro ɗaya cikin ɗari yana da shi, wanda ke nufin babu gari mai girma a gundumar Mayahi da za a rasa irinsu. Wasu kafafen labarai na Hausa suna fassara shi da galahanga. Sai dai a kunnen Bahaushe wannan kalma tana da ƙanshin raini, tana kuma haɗa yaran da lalurarsu ba ɗaya ba ce, don haka uwa ba za ta faɗe ta a kan ɗanta da sakin fuska ba.

Sauran al'ummu ma sun sha gyara harshensu. A 1866 likita John Langdon Down na Ingila ya siffanta wasu yara masu kamannin fuska iri ɗaya da jinkirin fahimta, ya jingina su ga mutanen Mongoliya bisa kuskuren zamaninsa. A 1959 masu bincike a Faris suka gano cewa sababin shi ne ƙarin ƙwayar gado guda a kan ta 21, kuma a 1965 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bar tsohon sunan bayan ƙasar Mongoliya ta yi ƙorafi. A Japan, cikin 2004, hukuma ta sauya sunan gigin tsufa daga kalmar da ke nufin wauta zuwa wadda ke nufin matsalar fahimta, don tsofaffi da iyalansu su daina jin kunyar zuwa asibiti.

Cuta ce ko bambanci?

A ƙarshen shekarun 1990 wata sabuwar fahimta ta ɓullo daga bakin masu otizim da kansu, kuma ana yawan jingina yaɗuwarta ga Judy Singer, masaniyar zamantakewa daga Ostareliya. Abin da suke cewa shi ne, ƙwaƙwalwar 'yan Adam ba ƙira ɗaya aka yi mata ba, kuma wasu daga cikin abubuwan da ake kira cuta bambancin halitta ne, mai ɗauke da rauni ta wata fuska da ƙarfi ta wata. Manomin Maïreyrey ba zai sha wahalar gane wannan ba, domin ya san maiwa ba lalataccen gero ba ce don ta yi jinkirin nuna. Irinta dabam, lokacinta dabam, kuma wanda ya yanke ta ranar da ya yanke gero shi ne ya yi asara. Musulmi kuwa ya riga ya karanta a Suratur Rum cewa saɓanin harsuna da launuka yana cikin ayoyin Allah.

Amma adalci ya sa a faɗi iyakar wannan fahimta. Farfaɗiya tana kisa, tana bukatar magani. Sanƙarau da zazzaɓin da ke hawa kai abokan gaba ne da za a yaƙa. Uwar da take ɗauke da ɗan shekara goma a baya, ba ya magana ba ya ci da kansa, ba za a share mata hawaye da cewa bambanci ne kawai ba. Daidai shi ne a kira ciwo ciwo a nema masa magani, a kira bambanci bambanci a yi masa wuri, mutum kuwa a kira shi mutum a kowane hali.

Turawa suna jayayya a kan ko a ce "mutum mai otizim", don a gabatar da mutum a kan lalurarsa, ko kuwa a kira shi da siffar kai tsaye, kamar yadda da yawa daga masu ita suka fi so domin suna ganinta ɓangaren kansu ce. Hausa ta sauƙaƙa mana da ɗan harafin nan "mai", malamanmu kuma sun riga sun ajiye mizani. Suratul Hujurat ta hana jifan juna da laƙabi; duk da haka mai karanta Muwaɗɗa ta Imamu Malik yana cin karo da sunan Al'a'araj, wato gurgu, laƙabin Abdurrahman ɗan Hurmuz, wanda ya ruwaito hadisai masu yawa daga Abu Huraira. Imamu Nawawi ya warware wannan da cewa ambaton mutum da irin wannan laƙabi ya halatta idan don a gane shi ne, ya haramta idan don a tauye shi ne, kuma in ana iya gane shi da wani abu dabam, wannan ya fi. Sai mu ƙara da cewa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo: wanda yake ɗauke da sunan shi ya fi cancanta a tambaya wanne yake so.

Daƙiƙi

Akwai kalma guda da take kashe yara a makaranta ba tare da jini ya zuba ba. Yaro yana zaune gaban malam da allonsa, ya haddace sura da ka tun ji na biyu, amma babbaƙu sun ƙi zama masa. Yau ya gane ba, gobe ya kira ta ta ko nun, ɗigon sama da na ƙasa suna rikiɗe masa, sa'o'insa sun wuce farfaru shi yana nan. A lakwal ma, wato makarantar boko, haka ne: yana juya haruffa, malamin aji ya gaji ya mayar da shi bencin baya. Sai a ce daƙiƙi ne, a ƙara masa bulala. Likitoci suna kiran wannan disleksiya, wato wahalar haɗa harafi da sautinsa, kuma ba ta da alaƙa da ƙarancin basira. Abin da take bukata shi ne a koyar da shi a hankali, ta ji da gani da taɓawa. Haka yaron da ba ya iya zama wuri ɗaya, wanda muke cewa ƙiriniya ta yi masa yawa, da mai in'ina da yara ke kwaikwayo, alhali Annabi Musa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya roƙi Ubangijinsa ya warware masa ƙullin harshensa, kuma wannan ƙulli bai hana a aiko shi ga Fir'auna ba.

Mizani

A biranen Hausa irin su Kano an daɗe da sanin Sarkin Makafi da Sarkin Guragu da Sarkin Kutare, kurame kuma suna da maganar hannu tasu. Wato al'umma ta ba waɗannan murya da wakili. Masu lalurar ƙwaƙwalwa ba su da sarki, sau da yawa ba su da bakin kare kansu, don haka amanarsu tana wuyan masu baki. Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu a 2008, ta kuma yi dokarta a Disamba 2019. Tun 2006 aka ayyana kula da lafiyar yara 'yan ƙasa da shekara biyar kyauta. Amma doka tana Yamai, kalma kuwa tana tsakar gida, kuma sauya "naƙasasshe" zuwa "mai buƙata ta musamman" a rediyo ba zai wadatar ba muddin ba a sauya abin da ake yi wa mai sunan ba.

Ina ganin kowace kalma a auna ta da tambaya uku. Shin ta faɗi gaskiya game da sababi? Shin tana tura mutane zuwa ga taimako, ko tana tsare su? Shin mai ita zai yarda a faɗe ta a gabansa? Shan inna da farfaɗiya da in'ina suna iya tsallake wannan awo in an tsarkake su da ilimi. Ɗan ruwa da daƙiƙi da mahaukaci, a kan wanda ba shi da hauka, ba za su tsallake ba har abada. Inda Hausa ba ta da kalma tukuna, gara a siffanta abin a fili, a ce yaro ne mai jinkirin magana, ko mai wahalar karatu, ko mai ciwon faɗuwa, da a jefe shi da sunan da zai rufe masa ƙofa.

Wannan aiki na mutane ne sanannu a kowane gari: liman da ke hawa mumbari ranar Juma'a, ungozoma da ke fara ganin jariri, malamin allo da na lakwal, mai gari da ake kawo wa ƙarar fasa aure, ma'aikacin gidan rediyo, da malamin asibiti wanda ya kamata ya yi wa uwa bayani da Hausar da za ta iya maimaitawa a gaban surukarta. Idan waɗannan suka daidaita harshensu, iyaye za su daina ɓoye 'ya'yansu, a kai mai farfaɗiya asibitin Mayahi ko na Tasawa tun ciwon bai yi nisa ba, a bar mai jinkirin karatu a cikin aji. Mu kuma sauran jama'a, abu mafi ƙaranci da ke kanmu shi ne mu tuna cewa kowane ɗaya daga cikin waɗannan bayin Allah an yanka masa rago ranar bakwai, liman ya raɗa masa suna a gaban shaidu. Da wannan suna ya kamata a kira shi, kuma za a tambaye mu a kan duk wani da muka ƙara masa.